Daga Ruwaƙin Barno zuwa Jami'ar Say: Tarihin Haɗin Gwiwar Ƙasashe a Jami'o'in Musulunci

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda cibiyoyin ilimin Musulunci suka riƙa karɓar ɗalibai da malamai daga ƙetare, tun daga makarantar da mutanen Kanem suka gina a Masar a ƙarni na 13 har zuwa jami'o'in da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC ta kafa a Nijar da Yuganda. Abin da tarihin ya nuna shi ne haɗin gwiwa yakan ɗore idan an ɗora shi a kan wakafi tsayayye da shahadar da ake amsa a ƙasar ɗalibi, yakan kuma yi rauni idan alkawarin gwamnatoci kaɗai ya dogara da shi.

Gabatarwa

A yau da wuya a sami jami'ar Musulunci wadda ba ta da ofishin hulɗa da ƙasashen waje. Shugabannin jami'o'i suna ziyartar juna, ana rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi, ana ɗaukar hotuna. Bayan shekara biyu ko uku sai a tarar da yawancin takardun suna kwance cikin kabad, babu ɗalibi ɗaya da ya ƙetare iyaka ta dalilinsu. Masu tsara waɗannan manufofi sukan ɗauki lamarin a matsayin sabon abu da aka koyo daga jami'o'in Turai. Alhali kuwa al'ummar Musulmi ta yi ƙarnoni tana gwada hanyoyi daban-daban na wannan aiki, wasu suka yi ƙarko, wasu suka rushe. Sanin dalilin ƙarkon da dalilin rushewar shi ne abin da mai tsara manufa ya fi buƙata kafin ya ɗauki alƙalami.

Zamanin Rihla da Ruwaƙi

Al-Maƙrizi ya ambata a littafinsa Al-Khiɗaɗ cewa a shekarun 640 na Hijira, wato tsakanin 1242 da 1252 Miladiyya, wasu mutanen Kanem da suka biyo ta Masar a hanyarsu ta aikin Hajji sun damƙa dukiya ga alƙali Alamuddin Ibn Rashiƙ. Da ita ya gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, ya kuma zauna yana karantarwa a cikinta. Makarantar ta yi suna a ƙasashen Takrur, kuma mutanen can sun ci gaba da aiko mata da kuɗi. Wannan ya faru ne a zamanin Mai Dunama Dabbalemi. Abin lura a nan shi ne inda dukiyar ta fito. Daga bakin Tafkin Chadi ta tashi ta nufi bakin Nilu. Mutanen Kanem sun shiga Masar a matsayin masu ginawa da ciyarwa, saboda haka 'ya'yansu suka zauna a makarantar zaman masu gida.

Masallacin Azhar, wanda Jauhar as-Siƙilli ya kammala gininsa a shekarar 972, ya faɗaɗa wannan tsari ta hanyar abin da ake kira ruwaƙi. Ruwaƙi sashe ne na masallacin da aka keɓe wa ɗaliban wata ƙasa ko wani yanki. Akwai na Magaribawa, da na mutanen Sham, da na Turkawa, da na mutanen Jawa, da na Jabarti na ƙasar Habasha. Daga ƙasashen Sudan kuwa akwai na Sinnar, da na Darfur, da na Wadai, da na Barno. Kowane ruwaƙi yana da shehinsa da kundin sunayen ɗalibansa, kuma ana raba musu gurasar yau da kullum, wadda ake kira jaraya, daga amfanin gonaki da gidajen da bayin Allah suka yi wakafinsu. Sarki yana iya mutuwa, daula tana iya faɗuwa, amma sharaɗin mai wakafi yana nan a rubuce a hannun alƙali.

Tsarin yana da ƙafa ta biyu, wato ijaza da sanadi. Malamin da ya karɓi ijaza a Alƙahira ba ya buƙatar wata hukuma ta tantance masa ita a Katsina ko Agadas, domin sunayen malaman da ke cikin sanadin sanannu ne ga ma'abota ilimi a ko'ina. Malam Jibrilu ɗan Umaru ya haɗu da Murtala az-Zabidi a Alƙahira ya karɓi ijaza daga gare shi. Ta wannan hanya sanadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya haɗu da na manyan malaman Masar, alhali Shehun bai taɓa taka ƙasar ba. Tafiyar kuma ba ta zama ta ɗauko ilimi kaɗai ba. Muhammadu al-Kashnawi ya bar Katsina ya yi Hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa da wallafa littattafai, har ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti.

Wannan tsari yana da nasa gibin. Ƙalilan ne suke iya jure tafiyar shekaru a ƙasa ta cikin hamada, da yawa kuma ba su dawo ba. Mata kusan ba su da rabo a cikinsa. Babu ƙayyadadden lokacin kammalawa, kuma ruwaƙin da wakafinsa ya yi ƙaranci ɗalibansa sukan sha yunwa. Duk da haka ya rayu ɗaruruwan shekaru ba tare da yarjejeniya tsakanin gwamnatoci ba.

Lokacin da Lamarin ya Koma Hannun Gwamnatoci

Zuwan Turawan mulkin mallaka ya sa iyakoki da fasfo suka shiga tsakanin ɗalibi da malaminsa. Ingilishi suna ɗari-ɗari da Azhar saboda tsoron kada ɗalibai su kwaso ra'ayin kishin ƙasa da ya cika Masar a lokacin, don haka suka karkata akalar Arewacin Nijeriya zuwa Sudan, wadda take ƙarƙashin ikonsu. Da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, daga Sudan aka ɗauko malamanta. A 1947 aka mayar da ita Makarantar Nazarin Larabci, kuma a tsakiyar shekarun 1950 aka tura wasu daga cikin waɗanda suka fito daga cikinta zuwa Bakht ar-Ruda don ƙaro ilimi, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi. Faransawa ma sun bi irin wannan dabara a Nijar, inda suka buɗe madarasar farko mai haɗa Faransanci da Larabci a garin Say a 1957. A wannan zamani hukuma ta zama ita ce mai zaɓa wa ɗalibi ƙasar da zai je da littafin da zai karanta.

Bayan samun 'yancin kai sai manyan ƙasashen Larabawa suka karɓi wannan matsayi. Gwamnatin Masar ta mayar da kula da wakafai hannun ma'aikata a farkon shekarun 1950, ta buɗe unguwar ɗaliban ƙetare da ake kira Madinatul Bu'us a 1959, sannan ta fitar da doka mai lamba 103 a 1961 wadda ta sake fasalin Azhar ta ƙara mata kwalejojin likitanci da injiniyanci da noma. A wannan shekarar ta 1961, daidai da 1381 ta Hijira, Saudiyya ta kafa Jami'ar Musulunci ta Madina, aka kuma ware mafi yawan gurabenta ga ɗaliban ƙasashen waje. Shekara ɗaya bayan haka aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami a Makka, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka aza harsashinta.

Alherin wannan zamani a bayyane yake. Dubban 'ya'yan talakawa waɗanda ba su da halin tafiya ko da Kano sun sami tikitin jirgi da masauki da kuɗin abinci, suka dawo da digiri. Sai dai gurbin karatu ya zama wani makami na siyasar waje, musamman a shekarun da Alƙahira da Riyad suke takarar jagorancin duniyar Musulmi. Mai bayarwa shi ke tsara manhaja, kuma shi ke da ikon rufe ƙofa ranar da dangantaka ta yi tsami. Dukiyar da a da take tafiya daga Kanem zuwa Masar ta juya baya, ƙasashen Afirka suka koma masu karɓa kawai.

Shawarar Lahor

An kafa ƙungiyar OIC a taron Rabat na watan Satumba 1969, bayan gobarar da aka cinna wa Masallacin Ƙudus a watan Agusta na wannan shekara. Taron ƙolinta na biyu ya gudana a Lahor ta Pakistan a watan Fabrairu 1974, 'yan watanni bayan yaƙin Oktoba 1973 da tashin farashin man fetur da ya biyo bayansa. A wannan yanayi na yalwa aka yanke shawarar kafa jami'o'in Musulunci biyu a Afirka, ɗaya a Nijar don ƙasashen yamma, musamman masu amfani da Faransanci, ɗaya a Yuganda don ƙasashen gabas masu amfani da Ingilishi. A taron ne kuma aka kafa Asusun Haɗin Kan Musulmi, wanda daga baya ya zama babban mai ɗaukar nauyin jami'o'in biyu.

Tunanin da ke cikin shawarar sabo ne ta fuska biyu. Na farko, jami'a ce za ta zo inda ɗalibi yake. Na biyu, mallakarta ta tarayya ce, babu ƙasa ɗaya da za ta ce tata ce ita kaɗai. Wannan tunani ya ƙara ƙarfi bayan taron duniya na farko a kan ilimin Musulunci da aka yi a Makka a 1977, wanda ya yi kira da a haɗa ilimin wahayi da ilimin zamani a manhaja ɗaya. Daga nan aka kafa jami'ar Islamabad a 1980, aka mayar da ita ta ƙasa da ƙasa a 1985, sannan ta Malesiya a 1983.

Zaɓen Say yana da tushe a tarihi. Garin yana bakin kogin Kwara, kudu da Yamai, kuma Alfa Mahaman Jobbo ya mayar da shi cibiyar malamai a farkon ƙarni na 19, yana da alaƙa ta kusa da Gwandu. Madarasar 1957 ma a can take. An so a gina sabon abu a kan tsohon harsashi.

Tsakanin Alkawari da Cikawa

Jami'ar Say ba ta buɗe ba sai a 1986, shekara 12 bayan Lahor. Ta Yuganda kuwa sai a watan Fabrairu 1988 ta fara karatu a garin Mbale da ɗalibai 80, bayan shekara 14. Dalilan jinkirin suna cikin abubuwan da suka sami waɗanda suka ɗauki alkawarin. Wata biyu bayan taron sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani a Nijar, a watan Afrilu 1974. An kashe Sarki Faisal, wanda shi ne ginshiƙin aƙidar haɗin kan ƙasashen Musulmi, a watan Maris 1975. Gwamnatin Idi Amin ta faɗi a 1979, aikin da aka fara shirya yi a yankin Arua ya tsaya cik. Yaƙin Iran da Iraƙi ya ɗauke hankalin ƙasashen Tekun Fasha da dukiyarsu daga 1980 zuwa 1988. A shekarar da Say ta buɗe ƙofarta kuma farashin man fetur ya faɗi warwas. Gudummawar da ake zubawa a Asusun Haɗin Kai ta ganin dama ce, babu ƙasar da ake tilasta wa. Jami'ar da aka tsara a lokacin yalwa sai ta fara rayuwa a lokacin ƙunci, a hannun masu gida da yawa waɗanda kowannensu yake jiran ɗan'uwansa ya fara biya.

Abin da ya sami Cibiyar Musulunci ta Afirka da ke Khartum ya ƙara fito da wannan rauni. Tun 1977 ƙasashen Larabawa da dama, cikinsu har da Saudiyya da Kuwait da Masar, suke haɗa hannu da Sudan wajen ɗaukar nauyinta. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990, matsayin da gwamnatin Sudan ta ɗauka ya ɓata wa ƙasashen Tekun Fasha rai, sai suka janye tallafinsu. Saɓanin siyasa da ɗalibi ɗan Chadi ko ɗan Gana bai san hawa ba bai san sauka ba ya kusa raba shi da karatunsa. Gwamnatin Sudan ce ta ɗauki nauyin cibiyar, ta ɗaga darajarta zuwa Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a 1992.

Jami'ar Malesiya ta tsira daga irin wannan hali ne saboda wani dalili bayyananne. OIC da ƙasashe takwas ne suka sa hannu a kafa ta, amma gwamnatin Malesiya ce ta ɗauki mafi nauyin kuɗin ginawa da gudanarwa, tana kuma da halin yin haka. Sunan na tarayya ne, mai ciyarwar ɗaya ne sananne. Ita kuwa jami'ar Yuganda ta nemi mafita ta komawa ga tsohuwar hanya. An gina mata katafaren bene a tsakiyar Kampala, wanda ake kira King Fahd Plaza, aka yi wakafinsa gare ta tana amfana da kuɗin hayarsa. Ta kuma buɗe fannonin da ɗalibai ke biyan kuɗin makaranta, ta kafa rassa a Kampala da Arua da wani na mata zalla a Kabojja. Jami'ar Say ma daga baya ta ƙara fannoni a kan Larabci da Shari'a da ta fara da su, ta buɗe sashen mata a Yamai. Ashe maganin da cibiyoyin ƙarni na 20 suka komo gare shi shi ne wanda mutanen Kanem suka fara da shi a ƙarni na 13.

Shahada da Harshe

Kuɗi rabin matsalar ne. Ɗaya rabin ita ce makomar ɗalibi bayan ya kammala. Ijazar da ta yi aiki daga Timbuktu zuwa Makka ta yi aiki ne saboda al'ummar malamai ɗaya ce ke bayar da ita, ita ce kuma ke karɓarta. Shahadar zamani kuwa jami'a ce ke bayarwa, ma'aikatar wata ƙasa ce ke karɓa ko ta ƙi. A ƙasashen da Faransa ta raina, inda Faransanci ya zama harshen ofis da kotu, waɗanda suka yi karatu da Larabci sun daɗe suna kokawa da cewa ƙofar aikin gwamnati ba ta buɗe musu sai ta koyarwa. Majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968, ita ke tantance shahadun jami'o'i tsakanin waɗannan ƙasashe, kuma jami'ar da ke son ɗalibanta su sami aiki dole ta daidaita manhajarta da ma'aunin majalisar. A Nijeriya ma wanda ya yi digiri a ƙetare sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa kafin ya shiga hidimar ƙasa.

An kafa ƙungiyoyi don sauƙaƙa wannan lamari, kamar Rabiɗar Jami'o'in Musulunci a 1969 da Tarayyar Jami'o'in Duniyar Musulmi a 1987, wadda ke ƙarƙashin inuwar ICESCO. Sun haɗa shugabanni a taruka, sun ba da shawarwari, amma ba su da ikon umartar wata ma'aikata ta amshi wata shahada. A nan ma jami'ar Malesiya ta yi hangen nesa, domin tun farko ta ɗauki Ingilishi harshen koyarwa tare da Larabci, ta kuma wajabta wa ɗalibin shari'a ko tattalin arziki ya san duka biyun gwargwado. 

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu 2023 ya nuna tsadar wannan gibi. An kwashe dubban ɗaliban ƙetare, cikinsu har da 'yan Nijeriya da aka fitar ta iyakar Masar da ta Port Sudan. Wanda ya yi shekara uku ko huɗu a kwaleji ya dawo gida yana neman jami'ar da za ta lissafa masa shekarun da ya yi. Yarjejeniya mai shafi biyu a kan karɓar darussan da ɗalibi ya riga ya ci, da an ƙulla ta tun lokacin zaman lafiya, da ta fi amfani a wannan rana fiye da tarin takardun fahimtar juna.

Kammalawa

Jami'o'in Musulunci masu zaman kansu da aka fara ba wa lasisi a Nijeriya a 2005, kamar Al-Qalam ta Katsina da Al-Hikmah ta Ilori da Crescent ta Abeokuta, da takwarorinsu na Nijar da Chadi da Gana, suna shiga wannan fage ne da tarihin ƙarni takwas a gabansu. Tarihin yana ɗora musu tambayoyi uku kafin su sa hannu a kowace yarjejeniya. Ta farko, wa zai biya a shekara ta goma, bayan shugabannin da suka yi musabaha sun sauka? Idan amsar ba ta ƙunshi wakafi ko wata kafar kuɗi tsayayya ba, aikin zai tsaya ranar da mai bayarwa ya gaji. Ta biyu, wace hukuma ce za ta amshi shahadar a ƙasar ɗalibin, kuma da wane harshe zai yi aiki da ita? Ta uku, me jami'ar za ta bayar? Tana da abin bayarwa, domin rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Barno da Agadas suna ajiye a Gidan Arewa na Kaduna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da cibiyar IRSH ta Yamai, kuma masu bincike daga Masar da Maroko da Turkiyya suna buƙatar malaman da suka iya karanta su.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da hannu. Tsakanin Say da Sakkwato tafiyar yini ce a mota, mazhabar ɗaya ce, littattafan zaure ɗaya ne, ɗalibai da yawa kuma harshensu na gida ɗaya ne. Jami'ar da ta iya tsara musayar malamai da karɓar darussa da maƙwabciyarta ta ƙetaren iyaka, ta kuma tsayar da gida ɗaya na haya wanda kuɗinsa zai ciyar da ɗaliban baƙi, ta kama hanyar da alƙali Ibn Rashiƙ da mahajjatan Kanem suka bi. Allah ne mafi sani.